Masu hura wuta daga nesa, mu ne ke kwana kusa da bunu

Duk wanda ke zaune a Ibadan cikin watan Fabrairun 2021 bai manta da rikicin kasuwar Sasa ba. Gardama ce ta tashi kan kayan gwari da suka zube a ƙofar wani shago, aka yi rashin rai, kafin a ankara an ƙona shaguna da gidaje, mutane sun bar wurin da suka yi shekara da shekaru suna neman abinci. Sai da gwamnoni suka taso daga Arewa suka zauna da Gwamna Seyi Makinde.

Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne rawar da waya ta taka. A rikicin Shagamu na 1999, sai da motoci suka isa Kano da waɗanda abin ya shafa kafin ramuwa ta ɓarke. Yau kuwa minti ɗaya ya isa. A ɗauko tsohon bidiyo, a liƙa masa sabon labari, a watsa a WhatsApp, shi ke nan gari ya ɗau zafi.

Ƙorafinmu na farko yana kan 'yan'uwanmu na gida masu zagin ƙabila sukutum a Facebook da TikTok da sunan kishin Arewa. Malam, kai ka gama zaginka ka ja bargo a Kano ko Gusau. Mu ne gobe da asuba za mu buɗe shago kusa da Bayarabe, 'ya'yanmu su shiga aji ɗaya da nasa. Wannan kishin naka, wallahi, mu ke biyan kuɗinsa.

Na biyu kuma samarinmu ne na nan Sabo. Wani ya zage ka a shafinsa, ka tashi ka zagi iyayensa da garinsu da yarensu. To me aka samu? Mai gidan da kake haya da mai sayen albasarka suna karantawa. Magana zarar bunu ce, kuma hoton abin da ka rubuta yana nan a wayar wani ko da ka goge.

Ba mu ce a yi shiru in an zalunce mu ba. A faɗi abin da ya faru, da wurin, da lokacin, a kai wa Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da 'yan sanda. Laifin mutum ɗaya a bar shi a kansa.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa su riƙa tambayar mai turo saƙo inda ya samo shi. In ya kasa faɗa, a goge. In ya maimaita, a fitar da shi. Limamanmu su tuna wa jama'a umarnin bincika labari da ke cikin Suratul Hujurati.

Tun 1916 aka kafa Sabon nan. Haƙuri da iya baki ne suka riƙe ta fiye da shekara ɗari, kada mu bari katin data na naira ɗari biyar ya rusa mana ita. Allah Ya zaunar da mu lafiya.