Wai katun na yara ne

Jiya a motar Bodinga zuwa Shagari wani bawan Allah ya leƙa wayata ya ce, "Malam, da gemunka kake kallon katun? Wanga ai na yara na." Ban tanka ba, amma maganar ta kwana tana ci mini rai.

Abin da nake kallo shi ne 5 Centimeters per Second, fim ɗin Makoto Shinkai na Japan, na 2007. Yaro ne, Takaki, ya hau jirgin ƙasa daga Tokyo zai je ganin Akari, wadda iyayenta suka ƙaura da ita. Ƙarfe 7 na yamma suka yi alkawari. Dusar ƙanƙara ta tsare jirgin a tsakiyar fili, yaro ba abin da yake sai duba agogo. Wasiƙar da ya rubuta mata ma iska ta fizge ta a tasha. Sai bayan ƙarfe 11 ya isa, ya tarar da ita zaune a ɗakin jira, kai a sunkuye. Ba ihu, ba birgima. Don Allah wane yaro ne zai gane wannan?

Mu fa ya kamata mu fi kowa ganewa. Ana gama girbi ƙauyukanmu ke watsewa, maza su tafi cin rani Legas ko Fatakwal. Yayata kullum da magariba sai ta ɗora wayarta kan katanga, inda sabis ke kamawa, ta zauna tana tsince shinkafa, ido na kan wayar. Ban taɓa jin ta ce tana kewar mijinta ba, kunya ba za ta bar ta ba. Wannan shirun nata na gani a zanen nan da ake ce wa na yara.

Amma kalli finafinanmu. Da an raba saurayi da budurwa sai waƙa, a sauya kaya sau huɗu, a shiga lambu ana juyi. Wanda kewa ta kama har yana da ƙarfin rawa? Na yarda, wasu waƙoƙin da daɗi, kuma katun da yawa na yara ne. Sai dai ko katun ɗin Up na 2009, da ake kunna wa yara, a farkonsa an nuna auren Carl da Ellie tun daga biki har rasuwarta ba tare da kalma ɗaya ba, kuma manya ne ke share hawaye.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu fassara. Duk inda fim ya yi shiru sai su cika wurin da surutu da barkwanci, kamar shirun kuskure ne.

Ku je wurin masu tura fim ku nemi na Shinkai ɗin nan, wanda ba a ɗora wa murya ba. Ku kalli tafiyar jirgin kaɗai da dare, sannan ku zo mu yi magana.