Dajin Akim da Zembla a Idon Ɗan Damagaram

Duk wanda ya yi lakwal a Zinder a shekarun 1970 da 1980 ya san su: 'yan littattafan zanen nan baƙi da fari, masu shiga aljihu. Guda ɗaya kan zaga daga Birni har Zango, bango ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace, amma ana rububinsa. Yaro ya cusa shi cikin littafin darasi, ido ɗaya kan zaki, ɗaya kan bulalar mushe.

Jaruman littattafan su ne Akim da Zembla. A Italiya aka haifi Akim a 1950, Roberto Renzi na rubutawa, Augusto Pedrazza na zanawa, ya koma Faransanci a 1958. Zembla kuwa kamfanin Lug na birnin Lyon ya fito da shi a 1963. Dukkansu jikokin Tarzan ne: Bature sanye da walki, namun daji na yi masa fadanci.

Yanzu abin ya dawo. Masu tara tsofaffin kaya na cinikinsu a intanet, dattawa na saka hoton bangonsu a Facebook suna tuna ƙuruciya. Ba laifi. A gaskiya ma, yara da yawa a bakin Zembla suka tsinci Faransancin da allo ya kasa koya musu.

Sai dai begen nan ya cika yi wa littattafan kara. Wace Afirka ce a ciki? Ɗan Damagaram ya tashi tsakanin duwatsu da rairayi, kuka da gawo, aka miƙo masa dungurmin daji mai igiyoyin lilo. Cikin abokan Zembla har da kangaru, dabbar Ostareliya! Baƙar fatar da ke tare da Zembla, Yéyé, ɗan ban dariya ne mai rataye da agogo. Yaro na tafa wa Bature, bai lura ba cewa masu gudu riƙe da masu a bayan hoton da shi suke kama.

Ga shi kuwa labari na kwance a ƙofar gida. Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, maƙeransa suka ƙera igwa. A 1898, zamanin Amadu Kuren Daga, aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, shekara na zagayowa aka gwabza da Faransawa a Tirmini. Mai zanen da ke neman dawakai, sulke, ƙura da makircin fada, waɗannan shekaru biyu kaɗai sun ishe shi cika littafi goma masu shiga aljihu.