Ginin Tukwane da Fasahar Kwamfuta: Sharhi Kan Wani Ra'ayi

Gabatarwa

Ƙungiyar masana ginin yumɓu ta duniya, wadda aka kafa a Janiba a 1952, takan yi babban taro bayan kowace shekara biyu. A irin waɗannan tarurruka ana yawan jin ra'ayin cewa makomar sana'ar tana hannun kwamfuta: a zana tukunya a allo, sa'an nan na'ura ta matso yumɓu zara-zara har ta tayar da ita. Manufar wannan takarda ita ce auna wannan ra'ayi da halin da magina ke ciki a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa.

Inda Ra'ayin Ya Gaza

Masu wannan ra'ayi sun ɗauka siffa ita ce tukunya. A wurinmu kuwa aikinta ne darajarta. Randa tana sanyaya ruwa ne domin gashin fili da kara da itace ba ya toshe ƙananan kafofin jikinta. Ruwa yakan tsatso, iska ta busar da shi, zafi ya fita. Wannan ilmi yana cikin zaɓen ƙasa da kwaɓi da sanin wuta, kuma na'urar da ke gina siffa ba ta san ko ɗaya ba.

Tarihi ya riga ya yi mana ishara. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wato Suleja. Ladi Kwali ta shiga a 1954, aka gasa tukwanenta da wutar da ta wuce digiri 1200, aka yi musu ƙyalli. Sun yi suna a Landan, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Amma tukunyar da aka yi wa wannan gashi ta daina tsatso, ta koma kayan ado.

Malam Muhammad Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin fasaha ta Dutse, wata hanya ya bi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, sai gauta da tumatir suka daɗe ba su lalace ba. Magina na ƙauye suka gina masa, aikin kuma ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ya yi nasara ne domin ya fara da sanin abin da yumɓu ke yi.

Kammalawa

Ba muna cewa a guji kwamfuta ba ne. Abin da ke kashe sana'ar a ƙasarmu shi ne roba da tukunyar alminiyam, da kuma rasuwar tsofaffin magina ba tare da magada ba. A nan ne na'ura za ta yi rana. Muna ba da shawara ɗaliban Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da na kwalejojin ilmi su shiga ƙauyuka da waya da kyamara, su ɗauki aikin tun daga haƙar yumɓu har kwashe gashi, su rubuta sunayen kayan aiki daga bakin masu su, su kuma auna zafin wutar. Idan aka tsaya jiran na'urar gini, za ta iso ta tarar babu wanda zai faɗa mata ƙasar da za ta kwaɓa.