Jinjina ga likitocin idon bakwaini

Idan jijiyoyin jini suka tsiro barkatai a idon bakwaini, tabonsu kan janye tantanin da ke karɓar haske a bayan ido, makanta ta biyo baya. Nan likita ke huda farin idon da bututun da kaurinsa rabin milimita ne, ya tsotse ruwan ciki mai yauƙi, ya datse tabon sannu a hankali, yana kaffa-kaffa da madubin idon. Wallahi hannun da ba ya rawa a wannan ƙuncin ya cancanci yabo. Likita Robert Machemer ne ya buɗe hanyar irin wannan tiyata a Amurka a farkon shekarun 1970, siraran kayan aikin kuma suka fito a 2002.