Likitan jirgin Pleiad da abin da littafinsa ya bar mana

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya na tsinci littafin nan, wata Asabar da na raka 'yata neman littattafan makaranta. Sunansa ne ya tsayar da ni: Narrative of an Exploring Voyage up the Rivers Kwora and Binue, wato labarin tafiyar bincike a kogin Kwara da Binuwai. Bature ya rubuta Kwara, yadda kakata ke kiran kogin, bai ce Neja ba. Na ce to, wannan sai na ji me zai ce.

Marubucin shi ne William Balfour Baikie, haifaffen tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan, a 1825. Likita ne na sojan ruwan Ingila, kuma mai nazarin dabbobi da tsirrai. A 1854 aka sa shi cikin jirgin ruwa mai tururi, Pleiad, a matsayin likita kuma mai nazarin halittu. Kafin su shiga kogi, jagoran tafiyar, John Beecroft, ya rasu a tsibirin Fernando Po, ragama ta faɗo hannun Baikie yana ƙasa da shekara 30. Aikin da aka ba su biyu ne: su bi Binuwai su ga iyakar inda jirgi zai kai, su kuma nemo Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ba su same shi ba, don a lokacin yana hanyar dawowa daga Tumbutu ta Sakkwato da Kano. Littafin ya fito a 1856.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: ba littafin hira ba ne. Wanda ke neman faɗa da kada ko dorina a kowane shafi zai yi barci. Rabin damuwar Baikie itace ce, don jirgin ba ya motsi sai an cika masa ciki da makamashi. Yau an sari itace, gobe itacen ɗanye ne, jibi jirgi ya kafe a yashi. Ga kuma ƙorafi kan matuƙin jirgin, wanda suka yi ta saɓani, ya maimaita har na gaji.

Amma ni wannan maimaicin ne ya kama ni, domin na san shi. Haka takardar jinya take: ƙarfe nawa, an ba da me, jiki ya yi yaya. Mutumin ya sa Turawan jirgin shan kwinin kullum, tun ciwo bai zo ba. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, wani likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya riga ya ba da shawararta. Abin da Baikie ya yi shi ne ya tsaya a kanta bai yi sakaci ba. A tafiyar 1841 a wannan kogi, Turawa fiye da 40 zazzaɓi ya kashe. A tasa, sun yi kusan wata huɗu a ruwa, suka fito ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Kuma duk wannan bai san sauro ne ke kawo cutar ba, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. A wurina nan ne darajar littafin take.

Inda na yi faɗa da shi kuwa, wajen mutane ne. Turawa 12 ne a jirgin, 'yan Afirka sun haura 50. Su ne masu saran itace, masu tuƙa kwalekwale, masu dafa abinci, masu tafinta. Baikie yana da haƙurin ya zauna ya siffanta tsiro ko ƙwaro, ya tsaya kan cewa sunan kogin Binuwai ne, ba Chadda ba yadda Turawa ke rubutawa. Amma ma'aikatan nan 'yan ƙabilar Kru, yawanci a dunƙule yake ambatarsu, kamar kaya. Har rashin abinci mai gina jiki ya kwantar da wasunsu, ga shi kuma su ne ke ɗauke da tafiyar. Duk wata magana da ya yi da sarakuna, har zuwa fadar Muri a Hamaruwa, ta bakin tafinta ta bi, galibi da Hausa. In kana son jin ɗaya ɓangaren, nemi littafin Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma yana cikin jirgin, ya kuma buga nasa labarin a 1855.

Ban ce mugu ba ne. Ya dawo a 1857, jirginsa Dayspring ya fashe a dutse kusa da Jebba, bai gudu gida ba. Ya zauna a Lakwaja yana duba marasa lafiya, ya koyi Hausa har yana fassara da ita, ya taka zuwa Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864 yana hanyar komawa gida, yana da shekara 39. Sai dai abin da ya tabbatar a 1854 ba a lafiyar mutum 12 ya tsaya ba. Zazzaɓi ne ganuwar da ta daɗe tana tare Bature a bakin teku, kwinin ya buɗe ƙofa. A Lakwajar nan ce Lugard ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairun 1900, a 1903 kuma Kano da Sakkwato suka faɗi. Mai karatu Bahaushe ba zai iya karanta murnar Baikie bai tuna da wannan ba.

To, 'yan'uwa, ga inda zancen ya dawo kanmu. A Oktoban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Ma'ana, 'ya'yanmu da aka haifa a Alƙahira, jininsu bai san cutar ba, kamar dai Turawan Pleiad. Mu ma da muka daɗe a waje, ɗan garkuwar da muka zo da ita tana raguwa. Bara wata maƙwabciyata ta kai yaranta hutu Katsina. Na ce, "Yaya, kin karɓi maganin rigakafi?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Maman Hafsa, gida fa za mu." Bayan sun dawo da kwana goma, autanta ya kwanta. A asibitin farko mura aka ce, don likitan bai saba ganin cutar ba, kuma ba wanda ya gaya masa yaron ya yi tafiya. Allah ya yi da sauran kwana, amma sai da aka yi masa ƙarin jini.

Saboda haka ku karanta littafin, ku yi masa gardama inda ya dace, ku tambayi ina sunayen masu saran itace. Amma ku ɗauki ɗabi'arsa guda ɗaya. Kafin ku sayi tsaraba, ku ga likita, ku fara magani kafin tafiya, ku ƙarasa shi bayan dawowa, ku sa gidan sauro a jaka. In zazzaɓi ya zo bayan kun sauka, kalmar farko a gaban likita ita ce: daga Najeriya muke, ko daga Nijar.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya.