Zuciya a Tafin Hannu: Bitar Zanen Pompeo Batoni

A majami'ar Gesù da ke Roma, uwar majami'un fadojin Jesuit, akwai wani ɗan zane mai siffar ƙwai a bisa bagaden wani ƙaramin ɗakin addu'a. Pompeo Batoni ne ya yi shi a 1767, ya kuma nuna Yesu Almasihu riƙe da zuciyarsa a hannu. Dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan Batoni ba sun san aikin nan, domin jikokin zanen ne ke rataye a falon gidajen 'yan Katolika daga Sabon Garin Kano har Kafanchan, galibi da 'yar jar fitila a ƙarƙashi. Na daɗe ina zaune da kwafi mai kyau na ainihin zanen, kuma har yau in na tsaya gabansa ba na saurin wucewa.

Batoni ɗan maƙerin zinariya ne daga birnin Lucca, an haife shi a 1708, kuma gadon ya fito a hannunsa. A kan fallen jan ƙarfe ya shafa fentinsa, ba a kan ƙyalle ba. Jan ƙarfe ba ya shan fenti, shi ya sa launin ya zauna sumul, fatar fuskar tana sheƙi, da ƙyar ido ke gano inda buroshi ya bi. Rigar ja ce, mayafin shuɗi, masu bayani suna cewa jan na jini ne da mutuntaka, shuɗin na sama ne. Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya hana jan rigar haɗiye jan zuciyar. Harshen wutar da ke tashi daga samanta, da hasken da ya kewaye ta, su suka raba ta da rigar, sai kambin ƙaya da ɗan gicciyen da ke bisa suka fito tsaf.

Amma hannayen su ne zanen. Hagu na tallafe da zuciyar kusa da ƙirji, dama kuwa a buɗe take, an miƙo ta wajen mai kallo, da tabon ƙusa a tafin. Bahaushe ba ya ba da kyauta da hagu, don haka idona kan fara neman abin da dama ke yi. Ba ta riƙe da komai. Gayyata take yi, tana nuna zuciyar, tana kuma jiran abin da za a ɗora mata. Kan ya ɗan karkata, idanun suna kallonka kai tsaye ba tare da tuhuma ba. Batoni ya yi suna ne wajen zana 'ya'yan manyan Ingila da ke zuwa yawon buɗe ido Roma, ya san sirrin fuskar da ke sa mai kallo ya ji da shi ake. A nan ya ɗauki wannan gwaninta ta fada ya kai ta ɗakin ibada.

Sai an san rigimar zamanin ake gane nauyin wannan zaɓi. Tsakanin 1673 da 1675 wata sista mai suna Margaret Mary Alacoque, a Paray-le-Monial ta Faransa, ta ce Yesu ya bayyana gare ta ya nuna mata zuciyarsa tana ci da wutar ƙauna. Hotunan farko na wannan ibada zuciyar kaɗai suke nunawa, wasu har da jijiyoyi kamar a littafin likita. Masu adawa, musamman mabiya Jansen, suka ce ana sujada ga tsokar nama da aka raba da mai ita. Roma ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 1765 Paparoma Clement na 13 ya amince da idin Zuciyar Yesu ga ƙasar Polan da wata ƙungiyar masu ibada a Roma. Shekara biyu bayan haka Batoni ya ba da tasa amsa da fenti: ga zuciyar, ga mai ita, kuma shi da kansa yake miƙa ta. Ina ganin wannan ne ya sa zanen ya rayu bayan an rushe ƙungiyar Jesuit a 1773, ya kuma bazu ko'ina da Paparoma Pius na 9 ya faɗaɗa idin ga Cocin duka a 1856.

Duk da haka akwai inda nake jin zanen ya rage mini wani abu. Fuskar ta yi kyau fiye da kima. Gashin a gyare yake, kumatun ba su san rana ba, babu alamar masassaƙin Nazarat da ya yi tafiyar ƙasa a Galili. Zuciyar wanda aka soki gefensa da mashi, kamar yadda Linjilar Yohanna ta ba da labari, tana hannun mutumin da bai nuna ya sha wuya ba. Na fahimci niyyar mai zanen, so yake mai zunubi ya matso ba tare da tsoro ba. Sai dai taushin da hannun gwani ya iya riƙewa da mutunci, a hannun masu kwafi ya zama zaƙi zalla: kumatu ruwan hoda, shuɗayen idanu, zuciya mai ƙyalƙyali. Ba laifin Batoni ba ne kacokan, amma shi ya buɗe ƙofar.

Wani abin da nake kewa shi ne Maryamu, uwar Yesu. A ibadar Katolika zukatan biyu tare suke tafiya. Wani fada mai suna John Eudes ya yi idin Zuciyar Maryamu a Autun tun 1648, kafin wahayin Margaret Mary, kuma a kalandar Coci ta yau ana tuna zuciyarta ranar Asabar, kashegarin Juma'ar idin zuciyar ɗanta. Tata zuciyar ana zana ta da takobi a soke, bisa annabcin tsoho Saminu a Linjilar Luka, da furanni a madadin ƙaya. Shi ya sa masu buga hotuna suka saba haɗa su gefe da gefe, kuma iyaye mata da suka binne ɗa ko suke jiran wanda bai dawo ba sukan fi daɗewa gaban nata. Zanen Batoni ya faɗi ƙaunar Allah da murya mai laushi irin ta uwa, amma ciwon uwa ba ya cikinsa.

A ƙarshen rayuwarsa Batoni ya koma kan batun a babban zanen da ya yi wa Sarauniya Maria ta Fotugal domin majami'ar Estrela a Lisbon, inda zuciyar ke sama cikin gajimare, Paparoma da sassan duniya suna ƙasa. Aiki ne mai girma da ado, amma a can zuciyar ta sake rabuwa da mai ita, kuma in aka ba ni zaɓi tsakanin biyun, ƙaramin na Gesù zan ɗauka.