Jinjina ga masu tura fim a waya

Daga Gwashi zuwa kasuwannin Bukkuyum, Gummi da Anka a Zamfara, da wuya ka rasa rumfar mai cajin waya da ke tura fim. Ƙaramin janareto na ruri a bayansa, wayoyi jere a kan tebur, kowace da 'yar takardar lamba manne a jikinta, ga kwamfuta a gabansa. Ka miƙa masa memori, ya tambaye ka a kashi na nawa ka tsaya.

Ta hannunsu mutanen karkara da yawa suka san Dadin Kowa na tashar Arewa24, wanda har gobe ban ga shirin da ya kai shi kama da zaman unguwa ba. Kwana Casa'in, da aka fara a 2019, ya fi shi zafi: jihar Alfawa ƙagagga ce, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sayen ƙuri'a zai gane ta. Labarina na Aminu Saira ya yi kyawun hoto, sai dai yana jan labari har a ƙosa. Gidan Badamasi kuwa maganin gajiyar gona ne.

Da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, YouTube ya gagara, sai abin da ke ajiye a kwamfutocin nan. Sai dai masu shirya fim na kukan ana cin guminsu ta wannan hanya, kuma suna da gaskiya. A zauna a daidaita yadda kowa zai samu haƙƙinsa. Masu tura fim dai, Allah ya yi wa sana'arku albarka.